Shayar da jariri da dare: yaushe za ki tashe shi, yaushe za ki ƙyale shi

Tambayar da masu jego suka fi yi mini ita ce, "Wai yaron nan ba ya ƙoshi ne?" Yana ƙoshi, cikinsa ne ƙarami. Ranar da aka haife shi, abin da tumbinsa ke ɗauka a sha ɗaya bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba, wato cokalin shayi guda da ɗan ɗoriya, kuma dakashin da ke zuwa a lokacin ya ishe shi. A kwana na uku ya kai wajen mililita 25, a ƙarshen makon farko 45 zuwa 60. Ga shi nonon uwa ba ya daɗewa a ciki, cikin kamar awa biyu ya narke. Mai irin wannan ciki ba zai kwana har gari ya waye bai nemi ƙari ba. Bai ma san dare ba balle rana. Sai ya kai wata biyu zuwa uku jikinsa ke fara bambance su.

Lissafin shi ne sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, kuma daga lokacin da ya kama nono ake ƙirgawa, ba daga lokacin da ya saki ba. Idan ya kama da ƙarfe ɗaya na dare ya yi minti 40 yana sha, to ƙarfe uku yana iya sake nema. Ki cire lokacin gyatsa da canjin kunzugu, za ki ga barcin da ya rage miki bai fi awa guda ba. Gara ki san haka tun da wuri, don kada ki ɗauka wani abu ne ya samu nononki.

A makonni biyun farko agogo za ki bi. Kusan kowane jariri yana raguwa a kwanakin farko, wani har kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin da aka haife shi da shi, sannan ya maido da shi tsakanin kwana 10 zuwa 14. Har sai awo ya nuna ya maido, kada ya wuce awa uku da rana ko awa huɗu da dare bai sha ba, ko da barci yake. A nan nake saɓawa da masu cewa ba a tashin yaro daga barci. Jaririn da bai samu isasshen nono ba sau da yawa barci yake ƙarawa, domin ba shi da ƙarfin kuka, sai a yi ta yabonsa wai ba shi da rigima alhali yunwa ce ta kwantar da shi. Idan bakwaini ne, ko an haife shi da ƙarancin nauyi, ko shawara ta taɓa shi, tazarar da likita ya ba ki ita za ki bi, kuma yawanci ta fi wannan gajarta.

Tashin nasa ma da dabara. Ki jira ki ga idanunsa suna motsi a ƙarƙashin fata ko leɓensa yana ɗan tsotso, alamar barcin bai yi nisa ba ke nan. Ki yaye masa mayafi, ki canza masa kunzugu, ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata. Ki shafa tafin ƙafarsa, ki matso ɗigon nono ki goga masa a leɓe. Idan ya kama ya yi tsotso uku ya lumshe ido, ki ɗan matsa nonon da hannu don ruwan ya ƙara zuba, za ki ga ya ci gaba.

Da zarar nauyi ya dawo kuma yana ƙaruwa, ki ajiye agogo ki bi yaron. Kafin kuka akwai ɗan motsi da za ki koyi ji ko cikin duhu: ya fara mutsu-mutsu, ya juya kai gefe da baki a buɗe, ya kai dunƙulen hannunsa baki har ki ji ƙarar tsotsa. Lokacin ɗauka ke nan. Idan kika bari ya tsandara kuka, harshensa ya ɗaga sama, sai kin rarrashe shi kafin ya iya kamawa, kuma barcin kowa ya tafi.

Da dare ni dai ba na kunna babbar fitila, ɗan haske da zai nuna mini bakinsa ya isa. Ba wasa, ba hira, ruwan sha na kusa da hannu, don shayarwa tana kawo ƙishi. Ki saurari haɗiya, wata 'yar ƙara ce mai taushi bayan tsotso ɗaya ko biyu. Idan babu ita, yana riƙe da nono ne kawai. Ki bari ya gama da ɗaya kafin ki miƙa masa ɗayan. Sai gyatsa, sai a kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa mai ɗan tauri, ba matashi ba bargo mai nauyi, kusa da gadonki. Abin da nake tsoro ƙwarai shi ne uwa ta zauna kan kujerar kushin don gudun barci, barcin kuma ya sace ta da yaro a hannu. Wannan ya fi gado haɗari nesa ba kusa ba. Idan kin ji idonki na rufewa, ki tashi maigida ya zauna da ku, shi ya yi gyatsar ya kwantar.

Shan dare yana da amfani gare ki ke ma. Sinadarin furolaktin, wanda ke sa jiki ya samar da nono, ya fi yawa da dare, kuma nono gwargwadon yadda aka kwashe shi yake ƙaruwa. Mai tsallake shan dare a makonnin farko takan wayi gari da nono a kumbure kamar dutse, wani lokaci har da zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki kuma ruwan ya ja baya.

Akwai maraicen da zai ƙi sauka daga nono, ya sha ya saki ya sake nema har awa biyu ko uku. Ya fi faruwa wajen mako biyu zuwa uku, da mako shida, da wata uku, lokacin da girma ke ɗan yin sauri. Kwana biyu ko uku ya wuce. A irin wannan lokacin ne za a ce miki nononki ba ya isarsa, ki ba shi ruwa ko wani abu mai kauri don ya yi barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, kuma ruwa yana cike ɗan cikin nan ne ya hana shi abin da zai gina shi.

Mai shan madarar gwangwani yakan kai awa uku zuwa huɗu, yana shan mililita 60 zuwa 90 a makonnin farko. A haɗa da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, a huce, a bi ma'aunin jikin gwangwani ba ƙarin cokali. Abin da ya rage a fida bayan awa ɗaya a zubar, kuma kada a tokare masa fida a baki a tafi.

Wajen wata biyu zuwa uku yawancinsu sukan fara jan barcin awa huɗu ko biyar. A wata shida wasu na kai awa shida, wasu kuma har yanzu suna tashi sau ɗaya ko biyu, duk lafiya ce.

Shaidar ƙoshi tana cikin kunzugu. Daga kwana na biyar ki nemi jiƙaƙƙu shida ko fiye a wuni da dare, fitsarin fari-fari, kashin kuma ya tashi daga baƙi ya koma rawaya. Idan fitsari ya yi ƙaranci ko ya yi duhu, ko maɗiga ta faɗa, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ko kin kasa tashinsa, ko idanunsa sun yi rawaya, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38 alhali bai cika wata uku ba, a tafi asibiti a lokacin, ko ƙarfe nawa ne.