Yadda ake haɗa shayin citta da zuma don gyaran murya

Da farko ka samu ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, ka kankare bawon ka daddaka ta. Zuba ta a ruwa kofi 2 ka bar shi ya tafasa kamar minti 10.

Bayan ka sauke kar ka yi gaggawar tacewa, rufa tawul a kai ka shaƙi tururin daga ɗan nesa, wannan fa shi ne babban aikin, don abin da ka sha ba ya taɓa igiyoyin murya, maƙoshi kawai yake wankewa ya wuce ciki, tururi kuwa har can yake isa.

In ya huce ya koma ɗumi-ɗumi sai ka tace, zuma cokali ɗaya, lemun tsami kaɗan. Mai fama da ƙwannafi ya bar lemun, gaskiya.

Ka riƙa kurɓa a hankali, kuma tun awanni kafin hawa dandamali kake shan ruwa, ba sai an miƙo makirfo ba. In muryar ta dishe ka yi shiru kawai, raɗa ma wahalar da ita take. Dishewar ta wuce sati 3? Je ka ga likita.