Babi na 7: Tsutsar Hanta a Fadama da Bakin Tafki

Darasi na 1: Hanyar da take bi

A karanta a hankali: han-ta, tsu-tsa, do-don ko-ɗi.

Tsutsar hanta faffaɗa ce kamar ganye, tsawonta kan kai santimita 7. Mahauta sun san ta, suna ganinta in sun yanka hantar saniya. Ƙwanta yana fita cikin kashin dabba, ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su shiga jikin ƙaramin dodon koɗi, su fito, su manne a ciyawa da ganyen da ruwan ya taɓa. Ido ba ya ganinsu. Saniya ta ci ciyawa ta kamu. Mutum ya ci ɗanyen ganye ko ya sha ruwan, shi ma ya kamu.

Darasi na 2: Ganye

A nan ɗalibai suka fi kuskure, don haka mu tsaya. In an tambaya, sai a ce daga cin hanta ake kamuwa. A'a. Dafaffiyar hanta ba ta sa wannan cuta. Ganye ne. A sake faɗa tare: ganye ne.

Latas da lansir da aka yi wa ban-ruwa daga kududdufin da shanu ke shiga, su ne abin lura. Ɗauraya ba ta cire tsutsar duka, domin manne take kamar ƙaro. Wuta ke kashe ta. Ganyen da ke dafuwa a dafa shi har ya tafasa. Wanda ba a dafawa, a sayo na lambun da ake ba ruwan rijiya ko burtsatse. Ruwan tafki kuma a tafasa kafin a sha.

Malama, kada ki ji kunya in kin manta, sake karantawa. Ɗauraya ba ta isa ba, a dafa. Amma fa Malam, wannan karo na uku ke nan ana faɗa, gobe kada wani ya ce "ai na wanke". A rubuta sau biyar: A dafa ganye.

Darasi na 3: Magani

Alamu: zazzaɓi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci shawara. A je asibiti a gwada bayan gida. Sunan maganin triclabendazole, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin mutum, ana sha da abinci. Lissafi: kilo 60 sau 10, miligiram 600. Praziquantel na tsargiya ba ya kashe wannan tsutsa. Maganin tsutsar hanta na dabbobi kuwa ba na mutum ba ne.

Darasi na 4: Maƙwabta

Nijeriya, Nijar, Chadi da Kamaru sun haɗa Tafkin Chadi, kuma shanu na ƙetare iyaka da rani. In garken Diffa a Nijar ya sha magani, na Baga a Nijeriya bai sha ba, ƙwai zai koma ruwa ɗaya. Sai malaman dabbobi da ardo-ardo na ɓangarorin su tsayar da lokaci guda na ba da magani.

Aikin gida: rubuta sunayen ƙasashen huɗu.