Darasi na 7: Yadda Tsoka Take Jan Ƙashi

Kowa ya miƙa hannunsa na dama, ya ɗora tafin hagu a kan damtsen. To, a dunƙule hannun a lanƙwaso shi zuwa kafaɗa. Kun ji ƙwanji ya taso ya yi tauri? Shi za mu leƙa cikinsa yau.

Tsokar jiki iri uku ce: ta zuciya, ta hanji da hanyoyin jini, sai wadda ke manne da ƙashi. Biyun farko ba sa neman izinin kowa, aikinsu suke yi ko muna barci. Ta ukun ce mai jin umarni. Irinta sun haura 600 a jiki, kuma su ne wajen kashi 40 cikin ɗari na nauyin babban mutum.

Duk wanda ya taɓa yagar naman da ya dahu ya ga yadda yake rabuwa sili-sili. Kowane sili da ido ya gani, dami ne na ƙwayoyin tsoka. Ƙwaya ɗaya ba ta fi gashin kai kauri ba, amma tsawonta kan kai santimita da yawa. Yawancin ire-iren ƙwayoyin jiki cibiya ɗaya gare su, wato ɗan ƙullin da ke cikin ƙwaya yana sarrafa aikinta, ita kuwa tana da ɗaruruwa, domin tun ɗa yana ciki ƙananan ƙwayoyi suka haɗe suka zama ɗaya.

A nan sai a natsu, don nan ne gundarin darasin. Cikin ƙwayar cike yake da zaruruwa, kowane zare ya kasu gaɓa-gaɓa kamar sandar gora. Ƙanƙantar gaɓar ta isa: sai an jera kusan 500 kafin a cika milimita ɗaya. A kowace gaɓa akwai furotin iri biyu, mayosin mai kauri da aktin siriri, sun shiga tsakanin juna. Ku ware yatsun hannayenku biyu, ku saƙa kawunansu, sannan ku tura su ciki. Yatsun ba su rage tsawo ba, amma hannayen sun matso. Haka tsoka take tsukewa. Mayosin yana da 'yan kawuna da ke kama aktin, su ja, su saki, su sake kamawa a gaba, kamar mai jan guga. A 1954 aka bayyana wannan shigar da furotin biyun ke yi tsakanin juna. Andrew Huxley da Hugh Huxley, 'yan Ingila, kowa da wanda suke aiki tare, su suka gano shi. Suna ɗaya ne kawai, ba dangi ba ne.

Jan ba ya farawa sai saƙo ya zo, galibi daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya isa ƙwayar ta jijiya. Da isarsa sai ƙwayar ta buɗe rumbunta na kalsiyam, shi ne mabuɗin da ke ba mayosin hanya. Makamashin aikin kuwa wani sinadari ne, ATP, wanda akasarinsa ƙwayar ke haɗawa daga abinci da iskar da muke shaƙa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko sakin ma sai da ATP. Shi ya sa gawa take sandarewa 'yan sa'o'i bayan rasuwa: makamashi ya ƙare, mayosin ya kama ya kasa saki.

Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa. Saboda haka bibbiyu suke aiki, ɗaya ta lanƙwasa gaɓa, kishiyarta ta miƙe ta.

Aikin gida: ku dafa bayan damtsenku, ku tura bango da ƙarfi, ku ji wace tsoka ce ta yi tauri. Sannan ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku a littafinku: tsoka, ƙwanji, ƙashi, gaɓa. A kula da lanƙwasar ƙ da ɓ.