Asabar da Lahadi a tsofaffin garuruwan bakin tekun Ingila: inda mutanenmu suka fi yin kuskure

Da zarar watan Mayu ya kama, rana ta fara daɗewa ba ta faɗi ba, sai saƙonni su fara shigo mini daga ɗalibanmu da baƙin da suka zo Landan ziyara. Tambayar ɗaya ce: suna son su je su ga teku ranar Asabar su dawo Lahadi, ina ya kamata su nufa? Ina jin daɗin wannan tambaya, domin garuruwan bakin tekun kudancin Ingila sun shiga raina. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda da yawa ke dawowa a galabaice, kuɗi sun tafi, waya ta cika da hotuna, amma in ka ce me kuka gani sai a ce maka ruwa ne da duwatsu. Kurakuran da ke jawo haka ba su da yawa, su ɗin ne dai ake ta maimaitawa.

Babbansu haɗama. Mutum zai buɗe taswira ya ga Brighton, Hastings, Dover da Margate a jere kamar carbi, ya ce ai kwana biyu sun isa ya taka kowanne. Abin da taswira ba ta gaya masa ba shi ne, layukan jirgin ƙasa masu sauri duk Landan suka fuskanta. Wanda ke bin gaɓar teku a hankali yake tafiya, yana tsayawa ƙauye-ƙauye, ga sauyin jirgi a hanya. Daga Landan zuwa Brighton kamar sa'a guda ce, amma daga Brighton zuwa Dover sai ka ɓatar da sa'o'i. Akwai ma wanda ya taɓa sa Whitby a cikin jerinsa, garin da ke can arewa a yankin Yorkshire, nisan da ya kusa kai na Kano zuwa Abuja. Maganin wannan shi ne ka yada zango wuri guda, ka zaɓi garuruwa biyu ko uku da ke maƙwabtaka. Ko dai Hastings da Battle da Rye, ko kuma Dover da Deal da Sandwich. Ni na farkon nake ba duk wanda bai taɓa zuwa ba.

A Hastings ɗin ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne daɗewa. Duk wanda ya karanta tarihin Turai a sakandare ya ji labarin Yaƙin Hastings na 1066, lokacin da William na Normandy ya tsallako daga Faransa ya ci Sarki Harold da yaƙi ya karɓe sarautar Ingila. Sai mutum ya sauka a garin yana neman filin daga. Ba a can aka gwabza ba. A ranar 14 ga Oktoba na shekarar, a kan wani tudu mai nisan kimanin kilomita 10 daga teku aka yi karon, wurin da yau ya zama ƙaramin gari mai suna Battle. William ya sa an gina majami'a a wurin, kufanta na nan har yanzu, kuma akwai dutsen da aka kafa a inda ake cewa Harold ya faɗi. Jirgin da ke tashi daga Charing Cross zuwa Hastings yana tsayawa a Battle kafin ya ƙarasa. Ka sauka a nan da hantsi, ka zaga filin a ƙafa, sannan ka hau na gaba, tafiyar kamar kwata ce ta rage.

Idan ka isa Hastings kuma, kada ka tsaya a kantunan da ke kusa da tasha ka ce ka ga gari. Ka miƙa gabas har tsohuwar unguwa, inda masunta suke. Babu mashigin jiragen ruwa na sosai a wurin, saboda haka kan tsakuwa ake janyo jiragen kamun kifi da igiyar ƙarfe, da safe a sake tura su ruwa. Gefe guda za ka ga wasu dogayen ɗakunan katako, baƙi wuluk da kwalta, siraru kamar an matse su. Nan ne masunta ke adana raga da igiyoyi. Fili ya yi musu kaɗan tsakanin dutse da teku, sai suka yi ta gini sama. Akwai ƙaramin jirgi da igiya ke ja zuwa saman tudun gabas, tun 1902 yake aiki. Daga can sama garin gaba ɗaya yana tafin hannunka.

Rye kuwa ita ce ta fi ruɗa baƙo. Na je da ɗan yayata da ya zo karatun digiri na biyu, muka hau hasumiyar cocin St Mary ta wata matsattsiyar matattakala, muka fito sama iska na kaɗa mu. Ya duba gabas ya duba kudu, ya ga filayen ciyawa da tumaki, ya juyo ya ce, “Kawu, ka ce garin bakin teku ne. Ina tekun?” Na nuna masa wani siririn layi mai ƙyalli can nesa. A da ruwa har gindin tudun yake zuwa. Rye na cikin ƙawancen garuruwan da ake kira Cinque Ports, waɗanda ke ba sarki jiragen ruwa da mayaƙa, shi kuma ya ɗauke musu wasu haraji. Guguwar 1287 ta sauya wa kogin Rother hanya, ta haɗiye tsohon garin Winchelsea, daga baya laka da yashi suka yi ta cike mashigin har teku ya ja baya da kimanin kilomita 3. A 1377 Faransawa sun shigo ta wannan ruwan suka ƙone garin suka kwashe ƙararrawar cocin, shekara na zagayowa mutanen Rye suka tsallaka suka ƙwato abinsu. Da na ba yaron wannan labari sai ya yi shiru, ya sake duban filayen da wani ido. Wanda bai san haka ba zai yi minti ashirin a titin Mermaid, ya ɗauki hoto a gaban masaukin da aka sake ginawa a 1420, ya wuce. Shi ya sa nake roƙon mutane su ba tarihin gari ko da rabin sa'a a cikin jirgi kafin su sauka. Garin Sandwich ma haka yake, teku ya tafi ya bar shi.

Titunan Rye daɓen duwatsu ne masu ƙulu-ƙulu, kuma hawa ne. Takalmi mai tsini ko silifas azaba ne a wurin. Haka yawancin gaɓar kudu: Brighton, Hastings, Deal, duk tsakuwa ce mai girman ƙwai, ba rairayi ba. Mai son rairayi sai Margate ko Broadstairs, ko Camber Sands da ke kusa da Rye.

A kan Camber zan ɗan dakata, don nan ne kuskure ke cin rai. Mu da muka taso da kogi da dam, mun saba ruwa na nan inda ka bar shi, sai damina ta ƙara shi. Teku ba haka yake ba. Sau biyu a yini yake cikowa, sau biyu yake janyewa, kuma lokacin yana gusawa kullum. A Camber in ya janye sai ka ga fili fetal, ka yi ta tafiya a kan yashi kana ganin ruwa bai kai gwiwa ba. In ya tashi dawowa ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba. Ta ramukan da ke bayanka yake fara zagayowa, kafin ka farga ka zama a tsibiri, tsakaninka da tudu ruwa mai zurfi da sanyi. A watan Agustan 2016 samari biyar da suka zo yini guda daga Landan sun rasu a wurin rana ɗaya. Tun daga baya aka sa masu ceto a lokacin zafi, amma ba su nan duk shekara. Kafin ka taka yashi ka duba jadawalin cikowar teku na ranar, yana intanet, ana kuma liƙa shi a bakin gaɓa. In za ka shiga ruwa, tsakanin tutoci biyu masu ja da ruwan ɗorawa kawai. Jar tuta zalla na nufin kada kowa ya shiga. Ko a tsakiyar Agusta ruwan na da sanyin da ke ɗauke numfashi, kuma doguwar riga ko abaya in ta jiƙe nauyi take yi. In ka ga wani a cikin hatsari ka kira 999 ka ce a haɗa ka da masu gadin teku.

Fararen duwatsun nan da ake gani a hoto su ma ba abin wasa ba ne. Alli ne, kuma yana zubewa ba sanarwa. A Beachy Head da ke tsakanin Brighton da Hastings tsayin ya kai mita 162, yawancin bakin ba shinge. Duk hoton da sai ka matsa baki za a ɗauke shi, ka haƙura da shi.

Sai maganar jirgi. Ranakun Asabar da Lahadi ne ake gyaran layin dogo a Ingila, sai a rufe wani yanki a sa bas ta maye gurbin jirgi. Mun taɓa fitowa da yammacin wata Lahadi, da yara biyu da keken jariri, muka tarar ba jirgi, sai layin mutane a bakin titi cikin yayyafi. Tafiyar da muka yi a sa'a ɗaya da rabi ranar Asabar ta ci mana fiye da uku. An sanar da gyaran tun makonni, mu ne ba mu duba ba. Ka duba tafiyar dawowa tun kafin ka sayi tikitin zuwa. Katin Oyster da kake yawo da shi a Landan ba ya kai ka waɗannan garuruwa, kuma in aka same ka ba tikitin da ya dace tarar fam 100 ce, ban da kuɗin tafiyar. Tikitin nan mai arha da ake saya tun da wuri na jirgi ɗaya ne tak, in ya wuce ka ya wuce da kuɗinka. In kun kai mutum uku ku nemi rangwamen GroupSave, ana cire kashi ɗaya cikin uku, ɗalibi kuma ya yi katin rangwame na shekara, tafiya biyu ko uku ta mayar masa da kuɗinsa.

Tufafi ba sai na ja ba. Rana a Landan ba ta nufin ɗumi a bakin teku. Ka riƙe rigar sanyi da rigar ruwa mai hula. Lema iska ce ke juya ta.

Abinci ne inda na ga mutanenmu sun kasu biyu, kuma duk ɓangarorin suna kuskure. Wasu sukan ce ai kifi ne, su saya ba tambaya. Wasu kuma tsoro ya hana su taɓa komai, su yini da biskit. Soyayyen kifi da dankali shi ne abincin bakin teku, kuma bai kamata ka dawo ba ka ci shi da zafinsa ba. Tambayoyi uku kawai za ka yi: ko an sa giya a kwaɓin fulawar, da wane mai ake suya, kuma ko a man ne ake soya tsiren alade. Wasu shagunan da man gyaɗa ko makamancinsa suke yi, wasu da kitsen shanu, musamman a arewa. Sun saba da tambayar, ba wanda zai ɗaure maka fuska. A ƙananan masaukai kuma, karin kumallon da suke alfahari da shi na ɗauke da naman alade da wani baƙin curi da ake yi da jini. Tun da dare ka gaya wa mai gidan kana son na marasa cin nama: ƙwai, wake, tumatir, naman kaza na itace da burodi. In ka sayi kifinka kuma kada ka buɗe shi a fili kana kallon teku. Tsuntsayen wurin sun fi shirwa iya fizge, ta bayanka suke zuwa, kuma doka ta hana a cutar da su. Ka jingina da bango.

Salla tana son shiri. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, a Disamba kuwa kafin 4 ta faɗi, har ka ga azahar da la'asar da magariba sun taho a jere kana tsakiyar yawo. Akwai masallatai a Brighton, akwai a St Leonards da ke manne da Hastings, amma a ƙananan garuruwa irin su Rye da Battle sai dai ka nemi gefe mai tsabta. Ƙaramar darduma da gorar ruwa a jaka sun wadatar. Hastings da Dover duk sun wuce nisan ƙasaru daga Landan.

Kada ka bar sayayya sai yammacin Lahadi, domin doka ta ba manyan kantuna sa'o'i shida kacal a ranar, zuwa 4 ko 5 sun rufe. Gidajen tarihi ma sukan daina karɓar baƙi tun kafin lokacin tashi, a hunturu kuma wasu ba sa buɗewa kullum.

Wannan ya fi shafar wanda ya zaɓi Dover. Na sha ganin an isa ƙofar tsohuwar fadar garin da la'asar, bayan an sha hawan tudu daga tasha, ana zaton sa'a guda ta isa. Wurin na son yini. A cikin ganuwa ɗaya akwai hasumiyar haska wa jirage hanya da Rumawa suka gina kusan shekara 2,000 da suka wuce, akwai babban ginin da Sarki Henry na Biyu ya ɗaga a shekarun 1180, sannan a ƙarƙashin dutsen akwai ramukan da daga cikinsu aka tsara kwashe sojoji sama da 338,000 daga Dunkirk da ke gaɓar Faransa a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ramukan rukuni-rukuni ake shiga da ɗan jagora, layinsu kuma da rana yake tsawo, don haka da su za ka fara da safe. In sarari ya washe za ka hango gaɓar Faransa, nisan bai fi kilomita 34 ba. Kusancin ya kai wayarka na iya kama layin Faransa kana tsaye a Ingila, ta yi maka maraba da zuwa, a wasu wayoyin har agogo ya ƙara sa'a guda. Kafin ka hau kan duwatsun ka shiga saitin waya ka kafe ta a kan layinka na gida, lokacin jirgin dawowa kuma ka dube shi da agogon hannu.