Yadda masana'anta za ta riƙe kasuwarta yanzu da hayaƙi ke da farashi

Tun 2005 da Tarayyar Turai ta buɗe kasuwar cinikin izinin fitar da iskar kabon, hayaƙin bututun masana'anta ya shiga jerin abubuwan da ake biya wa kuɗi, kamar wuta da albashi. A Fabrairun 2023 farashin tan ɗaya ya haura yuro 100. Sin ta buɗe tata kasuwar a 2021. Turai na son kai hayaƙinta ga sifili a lissafi, wato abin da take fitarwa ya yi daidai da abin da take cirewa daga iska, kafin ƙarshen 2050, Sin kuma kafin 2060. Ko mai masana'anta ya yarda da manufar ko bai yarda ba, dole ya sa ta cikin lissafinsa.

Fara da sanin hayaƙin da ke cikin kowane tan na kayanka. Jimillar shekara ba ta isa ba, domin mai saye da jami'in kwastam tan-tan suke tambaya. A sa mita a kan kowane babban mai cin makamashi: tanderu, tukunyar tururi, kwamfiresa, injin niƙa. A raba lissafin gida uku: abin da ka ƙona da hannunka, lantarkin da ka saya, da hayaƙin da ya zo cikin kayan da ka sayo. ISO 50001, ƙa'idar duniya ta kula da makamashi, ta tanadi hanyar bi wajen auna makamashin. Inda aka fi tuntuɓe shi ne dogaro da takardar kuɗin wuta ta wata-wata, wadda ba ta nuna wane inji ne ke ci da daddare alhali ba a aiki.

Daga nan sai a sa wa hayaƙin farashi a cikin gida, ko da ƙasarka ba ta fara karɓa ba. Misali, ƙarfen da aka narka da kwal a babban tanderu yana fitar da kusan tan 2 na kabon a kowane tan. In farashi yuro 80 ne, ka ga yuro 160 ya hau kan tan guda. Ƙarfen da aka narka daga tsofaffin ƙarafa a tanderun lantarki bai kai rabin wannan hayaƙi ba. Duk wani babban jari a gwada shi a farashi uku, ƙarami da matsakaici da babba. Wanda bai ci riba ba sai a ƙaramin, a ajiye shi.

Masu fitar da kaya zuwa Turai wannan lissafi ya riga ya cim musu. CBAM, harajin kabon da Turai ke ɗora wa kayan da ake shigo mata da su, ya fara da matakin ba da rahoto a Oktoban 2023, cikakken tsarinsa ya kama daga Janairun 2026, kuma ya shafi ƙarfe, siminti, alminiyam, takin zamani, haidurojin da lantarki. Wanda bai kawo alƙaluman masana'antarsa da aka tantance ba, za a yi masa lissafi da alƙaluman da hukuma ta yanke, waɗanda galibi sun fi na gaskiya nauyi. Su ma masana'antun cikin Turai ana janye musu izinin fitar da hayaƙi da ake ba su kyauta sannu a hankali daga 2026 zuwa 2034.

Aiki mai arha shi ake fara yi, kuma ba ya bukatar jiran kowace doka. Kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin masana'antu injinan juyi ne ke shanye shi. Fanka ko famfon da ke gudu a ƙarshen ƙarfinsa, ana kuma shaƙe shi da bawul don rage ruwa ko iska, ɓarna ce tsagwaronta. A sa masa na'urar daidaita gudu: in gudun ya ragu da kashi 20, wutar da yake ci takan faɗi kusan rabi. Amma a lura, famfon da aikinsa ɗaga ruwa sama ne sosai ba ya ba da wannan ragin duka. Iskar kwamfiresa kuwa, kashi 20 zuwa 30 kan zurare ta mahaɗar bututu a wurin da ba a kula. A zagaya ranar hutu, injuna a kashe, kwamfiresa a kunne. Kunne kaɗai zai nuna maka manyan ɓulolin. Zafin da bai wuce digiri 150 ba, na wanki da busarwa da dafa kaya, ana iya samar da shi da na'urar ɗaga zafi mai aiki da lantarki, wadda kan ba da zafi ninki biyu zuwa uku na wutar da ta ci.

Inda ake cin kasuwa ko a rasa ta shi ne ranar sabunta babban inji. Babban tanderun ƙarfe ana sake gina cikinsa da bulo mai jure wuta duk bayan shekara 15 zuwa 20. Wanda ya sake gina nasa a 2030 ya ɗaure kansa da kwal har kusan 2050, daidai lokacin da hayaƙi zai fi tsada. Don haka a zana jadawalin kowane babban inji, da shekarar da zai gaji, a fara shirin magajinsa shekaru da dama kafin nan. Samun layin lantarki mai ƙarfi zuwa masana'anta shi kaɗai yakan ci shekaru, kuma shi ne abin da ake mantawa har sai an riga an yi odar tanderu.

Kowace sana'a da nata ciwon. A siminti, kusan kashi 60 na hayaƙin daga dutsen farar ƙasa yake fita idan aka gasa shi ya zama kilinka, dunƙulen da ake niƙawa a yi siminti, a digiri 1,450, saboda haka sauya makamashi kaɗai ba zai magance ba. Hanya mafi kusa ita ce rage kilinka. Simintin LC3 haɗi ne na kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu 30, farar ƙasa 15, jifsam 5, kuma yana rage hayaƙi har zuwa kashi 40. Yumɓun dai sai mai isasshen kaolin, wato sinadarin farin yumɓu, sannan dokar ingancin gini ta ƙasa ta amince da shi. Kama hayaƙin a binne shi a ƙarƙashin ƙasa yana yiwuwa, masana'antar Brevik ta Norway an gina ta don kama tan 400,000 a shekara, sai dai da tallafin gwamnati mai yawa. Alminiyam na cin megawat-awa 13 zuwa 15 a tan ɗaya, wanda aka sake narkawa kuwa kusan kashi 5 na wannan makamashin. Ƙarfen da ake sarrafawa da iskar haidurojin a maimakon kwal ya tabbata tun 2021 da shirin HYBRIT na Suwidin ya kai wa kamfanin motoci na Volvo na farko, amma kowane kilo na haidurojin na cin sama da kilowat-awa 50, tan ɗaya na ƙarfe kuma na bukatar kilo 50 zuwa 60. In ba ka da lantarki mai arha, kada ka soma.

Wutar kanta a ƙulla ta da dogon kwantiragi, shekara 10 zuwa 15, da masu gonar hasken rana ko iska. Abin da ya faru a 2022, da farashin gas ya tashi masana'antun taki da dama a Turai suka rage aiki ko suka tsaya, ya isa izina. Sai dai kada a sayi duk bukata a kwantiragi ɗaya. Rana na faɗuwa, tanderu bai san dare ba, kuma giɓin a kasuwa za ka cike shi a farashin wannan sa'ar.

Tallafin gwamnati a karɓa, amma a duba irinsa. Jamus ta fara a 2024 wani kwantiragi na shekara 15 da ke biyan bambancin kuɗi tsakanin sabuwar hanya da tsohuwa. Wannan banki na iya ba da rance a kansa. Rangwamen haraji kuwa majalisa ce ke ba da shi, ita ke janye shi: Amurka ta kafa nata a 2022, a 2025 aka datse wani ɓangare. A yi lissafin kowane aiki sau biyu, da tallafi da kuma babu, a kai wa masu hannun jari duka biyun.