Yadda Za Ka Bibiyi Tsofaffin Jiragen Soja Masu Saukar Ungulu

Idan kana ƙauyukan Ringim, fara kai wayarka shagon caji ranar kasuwa, ka bar binciken sai dare, lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Ka tanadi littafi da biro.

Kama samfurin jirgi guda tukuna: Sikorsky R-4, wanda ya fara tashi a 1942, Turawan Ingila suka raɗa masa Hoverfly. Sai ka nemo lambar kowanne daga cikin waɗanda suka rage, domin fenti ana sakewa, lambar ce ke raba gardama. Rubuta inda yake: na gwajin yana gidan tarihin jirage na Udvar-Hazy a Amurka, wani a gidan tarihin sojan saman Amurka da ke garin Dayton, wani kuma a gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Landan.

Hoton Facebook kuwa, kar ka yarda da shi sai ka duba shafin gidan tarihin, don ana ba da aron jirage.