Babi na 9: Wanke jakar ruwa ta goyo

Darasi na farko

Jakar nan da wasu ƴan kabu-kabu da masu aikin daji ke goyawa, a cikinta akwai wata jakar roba mai cin lita 2 ko 3. Tiyo ya fito daga gindinta, ya bi ta kafaɗa. A ƙarshen tiyon akwai ɗan baki mai laushi, shi ake cizawa a tsotsi ruwa. Abu uku ke nan za mu wanke: robar, tiyon, da bakin.

Ku zaro robar daga jakar. Ku buɗe murfi, ku zubar da ruwan jiya. Ku zuba ruwa mai ɗumi. Mai ɗumi na ce, wanda hannu zai iya zama a ciki. Tafasasshe yana lalata roba. Ku sa sabulu kaɗan, ku cuɗa cikin da soso mai laushi har kusurwa. Sannan ku ɗaga robar sama, ku matse bakin da yatsu biyu, ruwan sabulun ya bi ta tiyon ya fita. Ku ɗauraye har sai kumfa ta ƙare. Madalla, kun iya wannan.

Darasi na biyu: shanya

A nan ake faɗuwa, don haka ku natsu. Robar da aka rufe da danshi, a zafin Maraɗi na watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, nan da nan take yin yauƙi da wari. Ku ɗaga tiyon saitin haske. Baƙaƙen ɗigon da kuke gani a ciki fumfuna ce, kuma ta nan ruwan shanku ke bi.

Ku cire tiyon daga robar. Ku cire bakin daga tiyon. Ku rataye tiyon a kan igiya, kansa biyu suna kallon ƙasa. Robar kuwa manne wa juna take yi, sai ku tura ludayi mai tsabta a ciki ya buɗa ta, ku kife ta a inuwa, murfi a buɗe. Inuwa, ba tsakar rana ba.

Mu sake. Tiyo daban, baki daban, roba a buɗe. Kafin ku rufe, ku sa hannu ciki ku shafa. Kun ji sanyin ruwa? Ba ta bushe ba, ku bar ta ta kwana. Wanda ya manta, ba komai, ya koma ya buɗe.

Amma don Allah, sau nawa zan faɗa? Har yanzu wasu na wankewa tas, su murɗa murfi, su jefa ƙarƙashin gado, su dawo suna cewa ruwan na wari. Wankin da babu shanya asarar sabulu ce. Ku shanya. Ku shanya tiyon.

Darasi na uku: wari

Ku matse lemun tsami cikin ruwa mai ɗumi, ku cika robar, ta yi minti 30, ku ɗauraye. Mai amfani da ruwan jabel, wato bilic na wanki, kada ya haɗa shi da lemun tsami, iskar da ke tashi guba ce. Bayan haka, shanya.

Darasi na huɗu

Ruwa kawai ake zubawa. Ban da fura, ban da bisap, ban da duk abin da ke da sukari. Tiyon da ya tsage, a canza shi.